Jirgin ƙasa mai tururi na tarihi

Jirgin ƙasa mai tururi na tarihi shi ne tsohon jirgin da gwamnati ko kamfani suka daina aiki da shi, sai wasu mutane suka karɓe shi suka gyara, suna tuƙa shi bisa guntun layin dogo don 'yan kallo. Ba jirgin kasuwa ba ne, mutum ya biya kuɗɗi ya shiga da iyalinshi a je a dawo, shi ke nan. Mu nan Maraɗi abin zai yi ma wasu wani iri tunda dogo bai taɓa shigowa garinmu ba, gyaɗarmu ma a mota aka riƙa kai ta Kano inda dogo ya iso tun 1911, daga can jirgi ya yi Ikko da ita. To irin kan jirgin da ya ja wannan gyaɗar, shi ake nufi.

Aikinshi kamar tukunya ce bisa murhu, sai dai tukunyar ƙatuwa ce ta ƙarfe kuma a kwance take. Ana zuba kwal cikin wuta, zafin ya bi ta cikin bututai masu yawa da ruwa ya kewaye, ruwan ya tafasa, tururin ya matsu ya rasa hanya sai ya tura fistin gaba da baya, fistin ya tura sandunan ƙarfe, su kuma su juya ƙafafun. Mutum biyu ne a gaba, direba da mai zuba kwal da shebur, kuma wanga na biyun shi ke shan wuya don idan wuta ta yi sanyi jirgi ba ya hawan tudu. Ba kamar mota ba ce da za ka murɗa makulli ta tashi, sai an hura wuta awowi kafin tafiya, idan aka yi gaggawa ƙarfen tukunyar na iya lalacewa. Yana shan ruwa ƙwarai shi ya sa tsoffin tashoshi ke da tankin ruwa a sama.

Dizal da lantarki ne suka kore shi. A Birtaniya jiragen gwamnati sun bar tururi a watan Agusta 1968, amma tun 1951 'yan sa-kai suka karɓi layin Talyllyn a yankin Wales, ƙaramin layi da aka gina don jigilar duwatsun rufin ɗaki, tsawonshi bai wuce kilomita 12 ba, kuma shi ne na farko a duniya da aka ceto ta wannan hanyar. Layin Bluebell na Ingila ya biyo a 1960. Abin mamaki da yawa cikin kawunan jirgin da ke aiki yau a Birtaniya daga wurin 'yan gwangwan aka fanso su: a garin Barry na Wales wani kamfanin yankan tsohon ƙarfe ya tara su ya tsaya yankan taragu tukuna, har masu so suka zo suka saye guda 213. A Faransa akwai na Baie de Somme da na Vivarais, a Jamus akwai na duwatsun Harz, a Indiya akwai na Darjeeling da aka buɗe a 1881, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Ranar fita, yawanci Asabar da Lahadi ko lokacin hutun lakwal, maigida da uwargida da yara su zo tasha a ba su tikitin kwali irin na da, a zauna bisa benci na katako, jirgi ya yi kuwwa ya fara ja a hankali. A Birtaniya yawancin irin waɗannan layukan ba su wuce gudun kilomita 40 a awa. Yara sun fi son a tsaya su leƙa wutar, wanda ya sa fararen kaya kuma ya kusanci taga zai koma gida da ɗigon baƙi a rigarshi. Mai yanka tikiti da mai goge ƙarfe da mai ɗaga tuta galibi ba albashi suke ɗauka ba, kuɗɗin tikiti gyaran tukunya ke cinye su, don duk bayan shekara goma sai an kwance ta an duba.

A kusa da mu abin da ya rage na kallo ne a tsaye. Gidan tarihi na Jos na da kayan tsohon ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinshi a watan Fabrairu 2021, ta Katsina da Jibiya, shi na zamani ne, babu kwal babu hayaƙin tururi.