Me ake nufi da "ɗaukin gaggawa"?

Duk damina, da zarar Gulbin Rima ya tumbatsa, ko ruwa ya shanye fadamun shinkafa a Argungu da Bagudo, sai ka ji rediyo yana ta maimaita kalmomi biyu: ɗaukin gaggawa. An faɗe su har sun fara rasa nauyinsu, domin duk motar da ta sauke buhunan masara haka ake kiranta, ko da bayan wata guda ta iso.

A Hausa, ɗauki yana tafiya da lokaci. Idan gobara ta tashi aka yi kururuwa, wanda ya rugo da bokitin ruwa shi ne ya kawo ɗauki. Wanda ya zo bayan wuta ta mutu jaje ya zo yi, in kuma ya riƙo wani abu, tallafi ya kawo. Duka alheri ne, amma ba abu ɗaya ba ne.

Wannan ma'anar ce ma'aikatan jinƙai na duniya suke nufi. A wurinsu, tsarin ɗaukin gaggawa shiri ne da ake kammalawa tun bala'i bai auku ba, yadda za a isa ga mutane cikin kwana uku na farko, wato awa 72. Me ya sa kwana uku? Idan girgizar ƙasa ce, yawancin waɗanda ake tonowa da rai a cikin waɗannan kwanaki ake samun su. Idan ambaliya ce irin tamu, a lokacin ne ruwan masai yake haɗuwa da na rijiya, mutane su cunkushe a ajin makarantar firamare, amai da gudawa ya samu ƙofa. Shi ya sa kayan farko ba su da ado: tamfol, tabarma, bargo, gidan sauro, jarka, sabulu, maganin tsaftace ruwa, da abincin da ba ya bukatar girki, tunda matar da ruwa ya tafi da murhunta da itacenta ba za ta iya dafa ɗanyar shinkafa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A da, sai bala'i ya faru sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara roƙon ƙasashe kuɗi, a kwashe makonni ana jira. A Disambar 2005, shekara guda bayan igiyar ruwan da ta halaka mutane sama da 200,000 a gaɓar Tekun Indiya, babban taron Majalisar ya amince da kafa asusun ɗaukin gaggawa mai suna CERF, wanda ya fara aiki a 2006. Kuɗin a ajiye suke, ofishin Majalisar mai kula da ayyukan jinƙai, wato OCHA, yana sakin su cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma tawagar ƙwararru ta Majalisar mai suna UNDAC, tun 1993, da ke iya sauka a ƙasa cikin awa 12 zuwa 48 don tantance abin da ake bukata. Kayan su ma suna jibge a manyan rumbuna da Hukumar Abinci ta Duniya ke kula da su. Ɗaya yana Akara ta Gana, wani a Dubai.

Abin da ya fi burge ni shi ne sabon salon da ake kai ɗauki tun ruwa bai iso ba. A Yulin 2020, da hasashe ya nuna kogin Jamuna a Bangaladash zai yi ambaliya, CERF ya saki dala miliyan 5.2 cikin awanni, iyalai suka samu kuɗi a hannu suka kwashe awakinsu da hatsinsu zuwa tudu. Wannan ai kamar don Kebbi aka tsara shi. Ruwan kogin Kwara ba ya zuwa bagatatan. Sai ya ratsa Yamai kafin ya shigo mana, kuma hukumar kula da yanayin ruwa ta Najeriya, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. Manomin Yawuri da aka sanar da wuri, aka ba shi kuɗin kwalekwale, ya fi wanda aka kai wa katifa bayan rumbunsa ya rufta.

A gida, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ce ke jagorantar wannan aiki tun 1999, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Amma Zamfara ta ga yadda gaggawa take iya tsayawa a rabin hanya. A 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka gano gubar dalma daga haƙar zinariya tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka rasa aƙalla yara 400. An fara jinya da kwashe gurɓatacciyar ƙasa a wasu ƙauyuka cikin shekarar, amma ƙauyen Bagega sai a 2013 aka tsaftace shi, kuma ba a iya fara ba yaransa magani ba sai da aka kwashe ƙasar.

Yau kuma masu tserewa daga 'yan bindiga ne suke kwarara Gusau da Anka da tsakar dare, da goyo a baya, ba ko tabarma. Shekara da shekaru babban shirin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya Borno da Adamawa da Yobe ya fi fuskanta. Saboda haka a nan, a waɗannan awa 72 na farko, mafi yawan lokuta mai unguwa ne yake buɗe makaranta, matan gari su aiko da kwanon tuwo, 'yan agajin masallaci su ɗauki marasa lafiya a babur zuwa asibiti.