Ba ta gumi yara ke ɗaukar ciwon hanta ba

An daɗe ana cewa ciwon hanta nau'in B ta gumi ake ɗaukarsa, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Har ka ga an ware wa yaro kofinsa da tabarmarsa. Abin yana min ciwo, domin an ƙuntata masa a banza.

Ta jini cutar take bi. Yara sun fi ɗaukarta daga uwa lokacin haihuwa, sai kuma askar wanzami guda da ake yi wa yara da yawa kaciya, cire beli ko tsaga da ita.

Jariran da suka kamu, kusan 9 cikin 10 cutar takan zauna musu har girma, alhali a manya bai kai 5 cikin 100 ba. Yaro zai tashi garau, ko shawara babu a idonsa, sai bayan shekaru hantar ta lalace ko ciwon daji ya kama ta.

Shi ya sa ake yi wa jariri rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu, sannan a mako na 6, 10 da 14. Mai ciki kuma ta nemi gwajin a wurin awo.