Kwana a ƙarƙashin gada a Legas: abin da doka ta hana da abin da ba ta hana ba

Saƙon murya na ta zagaya wayoyin 'yan'uwa daga Agege zuwa Idi-Araba, wai an kafa sabuwar doka, duk ɗan Arewan da aka samu yana kwana a waje za a kai shi gidan gwamnati a kulle, daga nan a loda shi a tirela zuwa gida. Har wani mai ga-ruwa ya tare ni bayan sallar Magariba yana cewa, “Malam, in tattara jarkokina ne?” Na ce masa ya ci gaba da sana'arsa.

Rashin wurin kwana ba laifi ba ne. A 1989 gwamnatin soja ta soke tuhumar nan ta yawon gararamba, wadda 'yan sanda ke cafke mutum da ita don kawai sun gan shi a titi da dare. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama duk inda ya so a Najeriya. Babu jihar da ke da ikon korar ɗan wata jiha. Tsoron dai yana da tushe: a 2013 an kwashi wasu mutane daga Legas aka sauke su a Onica, abin ya tayar da ƙura har Gwamnan Legas na lokacin, Fashola, ya nemi afuwa.

Abin da aka hana shi ne bara a bainar jama'a, da tare hanya, da kafa bukka inda ba a ba ka izini ba. Dokar laifuka ta Legas ta 2011 ta riƙe haramcin bara. Dokar naƙasassu ta 2018 ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya tura mai naƙasa bara, dokar haƙƙin yara ta 2003 kuwa ɗaurin shekara 10 ta yanke wa mai hayar yaro don bara.

Inda kan mutane ke ɗaurewa shi ne Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin. Sashen ne ya ce ba a tsare mutum haka kawai, wanda aka kama da zargin laifi kuma a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. To amma a cikinsa akwai wani ƙaramin layi da ya yarda a tsare masu cuta mai yaɗuwa, da masu taɓin hankali, da 'yan ƙwaya, da masu gararamba, domin a kula da su ko a kare jama'a. Wannan ce ƙofar da ake bi idan aka ɗauki mutum zuwa cibiyar gyaran hali da koyon sana'a ta Majidun a Ikorodu, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma.

Masu cewa “ai kurkuku ne” sun yi kuskure, don ba hukuncin kotu ba ne, kuma manufarsa a rubuce kulawa ce. Masu cewa “ai masauki ne kawai” su ma ba su faɗi gaskiya duka ba. Masauki kai kake zuwa da ƙafarka, ka fita ran da ka ga dama. Sashen ya ce sai an bi hanyar da doka ta tsara, amma bai fayyace wane ne mai gararamba ba. Ɗan dakon kasuwar Mile 12 da ya yini yana sauke buhunan albasa, ya shimfiɗa kwali ya kwanta saboda ba shi da kuɗin hayar shekara, yana ciki? A ganina ba ya ciki. Sai dai jami'in da ya dira da tocila ƙarfe biyun dare ba lallai ya tsaya tambayar sana'a ba. A Disamban 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ba da fatawar cewa dokokin kama masu gararamba hukunta talauci suke yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Sashe na 16 ya ɗora wa gwamnati samar wa kowa matsuguni, amma Sashe na 6 ya hana a kai ta ƙara a kan haka. Saboda haka rusau na da haƙora, alkawarin gida ba shi da su. A 2024 an tashi ɗakuna 86 a ƙarƙashin gadar Dolphin a Ikoyi, inda hukuma ta ce har haya ake karɓa. Gidan nakasassu na Oko-Baba a Ebute Metta, inda yawancin mazauna 'yan'uwanmu ne, ba zai ɗauki masu kwana a Ijora da Obalende ba.

In an ɗauki naka, a fara gano inda yake, ofishin 'yan sanda ko cibiya. A tafi da katin shaidarsa da wanda zai tsaya masa, Sarkin Hausawan unguwa ko shugaban ƙungiyar sana'arsa. Ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talakawa na jihar ba ya karɓar kuɗi.