Mene ne ƙwayoyin gado masu tsara siffa? Abin da muƙamuƙin kifi ya bayyana

Ƙwayar gado wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, kuma mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi hidimar yau da kullum suke yi wa jiki, kamar narkar da abinci ko ɗaukar iska a cikin jini. Amma akwai wani rukuni da masana ilimin halittu ke kira ƙwayoyin gado masu tsara siffa, waɗanda babban aikinsu ke gudana tun dabba tana ɗan tayi. Su ne ke sanar da ƙwayoyin halitta inda za su dosa, da abin da za su zama, da lokacin da za su daina ƙaruwa. Da wuya a sami inda aikin nan ya fito fili kamar a kan kifayen koguna da tafkuna, domin bakin kifi shi ne hannunsa kuma shi ne makaminsa, kuma ɗan bambanci kaɗan a siffarsa yana iya sauya irin abincin da zai rayu a kai.

Yawancin abin da aka sani game da ginin kan kifi daga wani ɗan ƙaramin kifi mai ratsi-ratsi aka samo shi, wato kifin zebra na kogunan kudancin Asiya. Ƙwansa garau yake, ta yadda mai bincike zai iya kallon ɗan tayin yana haɗuwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A cikin yini na farko bayan an barbari ƙwan, wasu ƙwayoyin halitta sukan ɓalle daga gefen bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka, su yi ƙaura zuwa ƙasan kai, su taru a cikin ginshiƙai bakwai a kowane gefen maƙogwaro. Ginshiƙi na farko shi ne ke zama muƙamuƙin sama da na ƙasa, na biyu ya zama abin da ke tallafe su, sauran biyar kuma su ne ke ƙera ƙasusuwan da ke bayan baki, ciki har da masu riƙe gaɓoɓin numfashi. Guringuntsi ne ke fara samuwa, ƙashi ya biyo baya, kuma kafin kwana 5 ɗan kifin ya soma kama abinci da bakinsa.

To, ta yaya ƙwayar halittar da ta isa ginshiƙi na farko take sanin cewa muƙamuƙi za ta gina? Wani ɓangare na amsar yana ga ƙwayoyin gado na dangin Hox, waɗanda ke aiki daga ginshiƙi na biyu zuwa baya amma suke shiru a na farko. A cikin ginshiƙin kansa kuma akwai saƙon da ke raba sama da ƙasa. A shekarar 1996 masu bincike a Tubingen ta Jamus da Boston ta Amurka suka wallafa sakamakon wani gagarumin aiki na tantance ɗaruruwan kifayen zebra masu naƙasar gado, kuma a cikinsu akwai wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya tsumbure ƙwarai. A shekarar 2000 aka gano cewa ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace a jikinsa, wadda ake kira edn1, mai fitar da sinadarin da ke shaida wa ƙwayoyin halittar da ke ƙasan ginshiƙin cewa a ƙasa suke.

Wannan misali ne na abin da ke faruwa idan ƙwayar gado ta mutu gaba ɗaya, kuma kifin da haka ta same shi ba ya rayuwa. Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da ke faruwa idan ƙwayar tana nan lafiya lau, sai dai an ƙara ko an rage yawan aikinta. A nan ne kifayen sikilid, dangin karfasa, suka shigo. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan nau'o'insu: akwai masu kankarar gansakuka daga jikin duwatsu, da masu zuƙar ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, da masu fasa katantanwa, da masu farautar 'yan uwansu kifaye. Duk da haka, idan aka gwada DNA ɗin nau'o'i biyu na tafkin, bambancin da ke tsakaninsu bai kai ko rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Masu bincike Craig Albertson da Thomas Kocher da abokan aikinsu sun ɗauki nau'o'i biyu daga wannan tafki suka haɗa su barbara. Ɗaya shi ne Labeotropheus fuelleborni, mai gajeren muƙamuƙi kakkaura da baki mai kallon ƙasa, wanda ke yagar gansakuka daga dutse. Ɗayan kuma Metriaclima zebra ne, mai muƙamuƙi siriri da ya fi tsawo, wanda ya fi dacewa da saurin buɗewa da zuƙa. Bambancin kamar na awartaki ne: mai gajeren baki ya fi matsewa da ƙarfi, mai dogon baki kuwa ya fi saurin kaiwa ga abu. Da suka auna ƙasusuwan jikokin wannan barbara suka kwatanta da DNA ɗinsu, sai suka ga wani yanki mai ɗauke da ƙwayar bmp4 yana tafiya tare da kaurin muƙamuƙi. A rahotonsu na 2005 sun nuna cewa ɗan tayin mai cizon ƙarfi ya fi kunna wannan ƙwaya a muƙamuƙinsa, kuma da suka ƙara aikinta a jikin kifin zebra na Asiya da aka ambata a baya, muƙamuƙinsa ya karkata zuwa siffar mai cizo. A 2011 kuma aka danganta wata ƙwayar, ptch1, da tsawon ɗan ƙashin da ke bayan muƙamuƙin ƙasa, wanda ake jan sa domin buɗe baki.

Kuskure ne, a ganina, a riƙa kiran irin waɗannan da sunan ƙwayar muƙamuƙi, kamar yadda akan gani a kanun labarai. Ita bmp4 tana aiki a haƙori da ƙashi da sauran sassa da dama, kuma ita ce aka gano a 2004 tana da hannu a kaurin bakin tsuntsayen Darwin na tsibiran Galapagos. Nau'o'in biyu na Malawi duk suna da ita. Abin da ya raba su shi ne yawan aikinta da wurin da aka kunna ta da lokacin da aka kunna ta, kuma siffar muƙamuƙi gaba ɗayanta ƙwayoyi masu yawa ne ke haɗa ta, kowace da ɗan rabonta.

Tunda ƙwaya ɗaya tana riƙe da ayyuka da yawa, taɓa ta a wuri guda yakan jawo sauyi a wani wurin. Kifin kogon Meziko, Astyanax mexicanus, makaho ne, alhali ɗan uwansa da ke zaune a kogunan sarari yana gani sarai. William Jeffery da abokan aikinsa sun nuna cewa a ɗan tayin na kogo, ƙwayar shh tana aiki a fili mafi faɗi a tsakiyar kai, abin da ke faɗaɗa muƙamuƙi da ƙara yawan gaɓoɓin ɗanɗano, amma kuma yake kashe idon da ya fara tohowa. A cikin duhun kogo, inda da baki ake laluben abinci, wannan ba asara ba ce mai girma.

Gado kuma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Kifayen sikilid suna da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro, mai haƙora, wanda ke niƙa abin da bakin waje ya kamo, kuma tun a 1973 masanin kifaye Karel Liem ya kawo ra'ayin cewa wannan rabon aiki ne ya ba bakin wajen damar sauya siffa yadda ya yi. Akwai wani nau'i na yankin Tafkin Biktoriya, Astatoreochromis alluaudi, wanda idan aka raine shi a kan katantanwa mai tauri, muƙamuƙin maƙogwaronsa yakan yi kauri, haƙoransa su yi faɗi irin na turame. 'Yan uwansa na ƙwai ɗaya da aka ciyar da abinci mai laushi kuwa sukan tashi da ƙashi siriri da ƙananan haƙora. Matsin da ƙashin ke sha wajen fasa ɓawo shi ne ke sauya yadda ƙwayoyin gado masu gina ƙashi suke aiki, kuma idan aka kai 'ya'yan masu kakkauran muƙamuƙin kan abinci mai laushi, su ma da siririn ƙashi za su girma.