Jirgin Lightning na Saudiyya ba MiG ba ne

Hausawanmu mazauna Riyad da ke kai yara gidan tarihin sojan sama na Saqr al-Jazira sun daɗe suna nuna wani jirgi mai buɗaɗɗen hanci suna cewa MiG ne na Rasha. Ba shi ba ne. Sojan saman Saudiyya bai taɓa amfani da MiG ba.

Sunansa Lightning, ƙirar kamfanin English Electric na Ingila. Hancin ne ke ruɗar mutane, don shi ma MiG-21 ta nan yake shaƙar iska, da tsini a tsakiya. Amma ka zagaya ta baya ka duba: MiG-21 injinsa ɗaya ne, Lightning kuwa injuna biyu gare shi na Rolls-Royce Avon, ɗaya a kan ɗaya. Ga kuma tankin mai da ya kumbura masa ciki.

Su ma Lightning ɗin iri-iri ne. F.52 tsofaffin jiragen sojan Ingila ne da suka iso a 1966, F.53 kuma sababbi ne da suka fara zuwa a 1968. Idan ka ga kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, na koyon tuƙi ne, T.54 ko T.55. Saudiyya ta yi wa jiragen Lightning ritaya a 1986.