Obahitin: kalmar gareji da aka jingina wa laftof

Tun da zafin bazara ya kankama, babu kalmar da ke yawo a bakin masu buga gem a kwamfuta kamar "obahitin". Mai tallar laftof a TikTok yana rantsuwa cewa tasa ba ta obahitin ko kaɗan. Mai gyara a kasuwa ya ɗora tafin hannu a kan kibod, ya ji ɗumi, nan take ya yanke hukunci: ta yi obahitin, a kawo kuɗin sabuwar fanka. Saurayi na tsakiyar wasan eFootball aka ɗauke wuta, hoto ya fara tsinkewa, shi ma ya ce obahitin ne. Har a rediyo ana gargaɗin iyaye wai gem na ƙona kwamfuta. Abubuwa ne daban-daban aka haɗa musu suna ɗaya, kuma yawancinsu ba su cancanci sunan ba.

Daga gareji kalmar ta zo mana. A bakin direbobi da kanikawa, in an ce mota ta yi obahitin, kowa ya san abin da ake nufi: ruwan lagireto ya tafasa, allura ta hau ja, in ka yi taurin kai ka ci gaba da taka totur, gasket ya ƙone, inji ya buga. A mota, zafi in ya wuce iyaka asara ce kai tsaye, kuma direba ne kaɗai zai hana ta. Wannan fargabar aka kwaso ɗungurungum aka ɗora wa laftof, alhali ita ba ta jiran direba ya taka birki.

A shekarar 2001 mutanen Tom's Hardware, masu gwajin kayan kwamfuta, sun yi wani gwaji da har yau ake tunawa da shi. Suka kunna gem ɗin Quake III Arena a kan kwamfutoci, ana cikin wasa sai su sa hannu su cire ƙarfen da ke ɗebe zafi daga kan firosesa, wato guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta, su bar shi tsirara. Firosesan Pentium III na kamfanin Intel ya daskare, wasa ya tsaya, amma bai mutu ba. Athlon na kamfanin AMD kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi ya tashi hayaƙi, na'urar auna zafi ta nuna kusan digiri 370 a ma'aunin Salshiyas, ya ƙone ƙurmus. Sai Pentium 4, wanda shi ne abin kallo: wasan bai tsaya ba, ya dai koma tafiyar hawainiya, hoto na zuwa ɗai-ɗai. Da aka mayar masa da ƙarfen, ya ci gaba da gudu kamar ba a yi komai ba. Intel ta riga ta dasa masa abin da ke jin zafin cikinsa, ya rage wa kansa aiki kafin ya kai ga halaka.

Abin da ya sami Athlon ɗin nan shi ne obahitin irin na mota. Shi kuma abin da Pentium 4 ya yi, yau kowane firosesa na yin sa, na AMD da na Intel, haka ma guntun da ke zana hoto, wato GPU. Yawancin firosesan laftof na Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, GPU ɗin Nvidia na laftof kuma yakan soma ja da baya a wajen 87. Da sun kusanto iyakar sai su rage gudu. In ragewar ba ta wadatar ba, kwamfutar ta kashe kanta gaba ɗaya. Saboda haka laftof ɗin zamanin nan ba ta ƙonewa don an buga mata Call of Duty ko GTA V. Abin da take yi shi ne ta hana ka ƙarfin da ka biya kuɗinsa.

A ganina, a laftof ɗin yau nan kaɗai kalmar ta dace: ka fara wasa lami lafiya, bayan minti goma ko sha biyar hoto ya soma sarƙewa, fanka na ihu, ka bar ta ta huce ka dawo, ta sake yin lafiya na ɗan lokaci. In kana son shaida, akwai manhajar HWiNFO, kyauta ce, tana nuna zafin kowane ɓangare, har da layin da ke faɗa maka ƙarara ko firosesa ya rage gudu saboda zafi. Tafin hannu ba ma'auni ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Iska mai zafi da ke fita ta gefe ko ta bayan laftof alama ce ta lafiya. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa, ba ta da wata mafita. Laftof ɗin ofis cajarta kan ba da wat 45 zuwa 65, ta gem kuwa cajarta kan kai 180 ko 230. Dole zafin ya fita. A ciki akwai siraran bututun tagulla masu ɗan ruwa a rufe. Ruwan ya zama tururi a kan firosesa, ya gudu zuwa wasu ƙananan faifan ƙarfe da fanka ke hurawa, ya huce, ya dawo. In ka sa hannu a bakin mafitar ka ji zafi na bugun ka, aikin na tafiya. Wadda ya kamata ta tayar maka da hankali ita ce wadda fankarta ke kururuwa amma iskar da ke fitowa ba ƙarfi, ko kuma sanyi-sanyi. Wannan zafin a ciki ya maƙale, ko dai ƙura ta toshe faifan, ko man nan mai launin toka da ake shafawa tsakanin firosesa da tagulla, wanda masu gyara ke kira fes, ya bushe.

Shi kuma saurayin da aka ɗauke wa wuta, zafi bai yi masa laifi ba. Batir ba ya iya ba da wutar da caja ke bayarwa, don haka da an zare ta kwamfutar ke rage wa GPU abinci. Haka zai faru in aka sayar maka da laftof ɗin gem aka haɗa ka da ƙaramar caja.

Mu a nan akwai ƙarin da ba a faɗa mana a kwali. Kamfanoni irin su Dell da Apple suna rubuta cewa an ƙera laftof ɗinsu don aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu da rana kan haura 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja, in ɗakin ya ɗau zafi da shi za ta yi aiki. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta shiga ta kwanta tun watan Disamba. Sannan a ɗauki kwamfutar a ɗora kan katifa ko bargo, alhali ta ƙasa take shaƙar iska.

Maganin ba shi da ado. A ɗora ta kan tebur, a ɗaga bayanta da ɗan abu don iska ta samu hanya. A buɗe ta a kaɗe ƙura bayan hunturu, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. In ta kwana biyu a duniya, a canza mata fes. Faifan sanyayawa mai fitilu ja da shuɗi da ake tallatawa don a ɗora laftof a kai, rabin amfaninsa ɗaga kwamfutar ne, abin da littafi mai kauri zai yi maka kyauta. Ban ce ba ya rage komai ba, amma ba zai cire ƙurar da ke ciki ba. Masu ɗora ledar ruwan sanyi a kan kibod ko sa laftof a firji kuwa, raɓa suke tara wa allon ciki da firosesa ke zaune a kai, ita kuma tana kashewa da gaske.

Abin da ya fi kowanne aiki, kuma aka fi raina shi, a cikin gem ɗin yake. In allonka hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, barin GPU ya zana 140 ɓarnar wuta ce, sai a ƙayyade shi a 60. A sauke inuwa da ƙyalli daga matakin ƙoli zuwa matsakaici, ido da ƙyar zai gane bambancin. A Windows ma, in ka shiga saitin wuta ka mayar da iyakar firosesa kashi 99 maimakon 100, a kwamfutoci da yawa hakan na hana shi zaburar ƙarin gudu da yakan yi, wadda ke cin wuta, zafi ya sauka sosai, kodayake wasu gem ɗin za su ɗan ji a jikinsu.

Akwai ɓangare ɗaya da zafi ke ci da gaske, kuma masu ihun obahitin ba su cika ambatonsa ba: batir. Firosesa na iya kare kansa ta rage gudu, batirin litiyom kuwa zafi na tsufar da shi a hankali, musamman in yana cike dam kuma caja na jone dare da rana. Lenovo da ASUS da wasu suna da saitin tsayar da caji a kashi 60 ko 80 saboda haka. In ka ga wurin da ake goga yatsa ya fara ɗagowa, ko murfin ƙasa ya daina rufuwa daidai, batirin ne ya kumbura. Kada a danna shi, kada a huda shi, a kashe kwamfutar a kai a canza shi.