"Sababi na farko": maganar da ake liƙa wa Akwinas bai faɗa ba

Tun da muhawara kan samuwar Allah ta koma TikTok da Facebook, da wuya mutum ya buɗe baki bai ce "sababi na farko" ba. Kuma kusan kowa ma'ana ɗaya yake ba shi: wai ka bi zamani baya-baya, ɗa daga uba, uba daga kaka, har ka isa ranar da duniya ta fara, to wanda ya fara ta shi ne Allah. Sai a jingina wannan ga Tomas Akwinas, malamin Kirista ɗan ƙungiyar Dominikan da ya koyar a Paris, ya rasu a 1274. Abin da ke ba ni haushi ke nan, domin mutumin rubutu ya yi yana musun wannan hanyar.

Akwinas ya yi imani duniya fararriya ce, amma ya ce wahayi ne ya zo da labarin, hankali shi kaɗai ba zai tabbatar ba. A littafinsa Summa Theologiae ya kawo misalin maƙeri: gudumarsa ta karye ya ɗauki wata, waccan ma ta karye ya sake wata. Ko guduma nawa ya canza, babu wadda take aiki da ƙarfin wadda ta gabace ta, don haka hankali bai hana jerin ya tafi baya babu iyaka ba. Haka uba da ɗa: kaka ya mutu, jika yana ta haihuwa abinsa.

Jerin da ya ce dole ya tsaya wani ne daban. Hannu yana motsa sanda, sanda tana motsa dutse, duk a lokaci guda. Sanda ba ta da motsin kanta, aro take yi. Ƙara sanduna dubu a tsakani, in babu hannu babu abin da zai gusa. Saboda haka "farko" a wurinsa na daraja ne, wato wanda komai yake rataye a kansa yanzun nan, ko da a ce duniya ba ta taɓa farawa ba.

Waccan hujja ta faruwar duniya tana da masu ita. Yohana Filoponus, masanin falsafa Kirista na Iskandariya, ya kawo ta a ƙarni na 6, Alkindi, masanin falsafa Musulmi, ya ɗauka, Imam Gazali ya kaifafa ta, kuma duk wanda ya karanta tauhidi a zaure ya ji ƙamshinta a batun korewar tasalsuli, wato cewa jerin sababai ba zai tafi baya babu iyaka ba. A cikin Kiristocin Paris, Bonabencha na ƙungiyar Faransiskan ne ya riƙe ta. Rigimar ta yi zafi har bishop ɗin birnin ya haramta, a 1270, koyar da cewa duniya daɗaɗɗiya ce, wato ba ta da farko. Sunan "hujjar kalam" da ake kiran wannan hujja da shi kuwa, masanin falsafa Ba'amurke William Lane Craig ne ya yaɗa shi da littafinsa na 1979.

Ni dai ina ganin ta Akwinas ta fi ƙwari, domin ba ruwanta da abin da masana sararin samaniya za su gano gobe game da Big Bang, wato bayanin da kimiyya ke bayarwa kan yadda sararin samaniya ya fara. Rauninta yana wani wuri: yana kaiwa ga sababin farko sai ya ce wannan shi ne kowa ke kira Allah. Shi kansa ya san bai gama ba, shi ya sa ya ci gaba da babi bayan babi yana kafa cewa sababin nan ɗaya ne, mai ilimi ne, mai nufi ne. Masu bidiyo ba sa kaiwa nan.